Ya iya canji a kasuwa, ya kasa lissafi a lakwal: ina gizo ke saƙa?



Yau muna so mu tattauna a kan wata matsala wadda kowane malamin lakwal ya sani, iyaye da yawa kuma sun ɗanɗana ɗacinta, amma ba a cika kawo ta a fili ba. Ita ce matsalar yaran da ke share shekara uku, huɗu, har shida bisa benci, su fito ba su iya ɗebe 17 daga cikin 52 ba. Za mu ɗauki misali da ƙasar Gure, a gabashin jihar Damagaram, domin a can abubuwan da ke haddasa wannan matsala sun taru wuri guda, ana ganinsu ƙuru-ƙuru. Amma abin da za mu faɗa ya shafi Tawa da Maraɗi da Doso kamar yadda ya shafi Gure.

Kada wani ya ce muna ƙara wa miya gishiri. Taron ministocin ilimi na ƙasashe masu amfani da Faransanci yana da wani shiri na auna ƙoƙarin ɗalibai, mai suna PASEC. A awon shekarar 2014, cikin yaran Nijar da suka kai ƙarshen firamare, waɗanda suka kai matsayin da ake bukata a lissafi ba su kai ɗaya cikin goma ba. A awon 2019 an samu ci gaba, kuma ya kamata a yaba wa malamai a kansa, amma duk da haka ba su kai ɗaya cikin huɗu ba. Wato idan ka shiga ajin CM2 mai yara arba'in, sama da talatin daga cikinsu tushen lissafinsu bai zauna ba. Babu mai hankalin da zai yarda cewa Allah ya halicci yara talatin cikin arba'in da toshewar basira. Ruwa ba ya tsami banza.

Ra'ayinmu shi ne, mafi yawan waɗannan yara ba kai suka rasa ba. Tushe ne ba a kafa musu ba, cikin harshen da suke ƙirga da shi, da abubuwan da hannunsu ya saba taɓawa. An ɗora musu gini a kan rairayi, sa'an nan ana mamakin bango ya tsage.

Garin Gure yana bisa babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Diffa, kimanin kilomita 160 gabas da birnin Damagaram. Ƙasar Muniyo ce ta tarihi, ƙasar tuddan rairayi da kwaruruka inda dabino da goriba ke tsirowa, ake kuma samun kanwa da gishiri. Mutanenta Barebari ne Mangawa, da Hausawa, da Fulani, da Tubawa, da Abzinawa, manoma da makiyaya da fatake. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar dabbobi ta Subdu ko ta Gidigir ya san ba a yi wa mutanen nan wayo a lissafi. Dillali yana riƙe da cinikin raƙumi da na tumaki goma a ka, har da la'adarsa. Makiyayi ya san a tumaki arba'in ake fitar da guda ta zakka, a raƙuma biyar kuma akuya ko tunkiya. Uwar gida ta san tiya nawa ke cikin buhu, da kwana nawa za ta kai iyali. Cikin wannan jama'a ne yaron da muke magana a kansa ya tashi.

To, mu bi yarinya mai tallan dabino. Mai saye ya ɗauki na dala talatin da biyar, ya miƙa mata ɗari. Ba ta ɗauki alli ba. Sai ta ce a ranta: biyar, arba'in ke nan, goma, hamsin, hamsin kuma, ɗari ta cika. Ta miƙa masa dala sittin da biyar, ba ta ɓata ko ƙiftawar ido ba. Gobe da safe a lakwal, mushe ya rubuta bisa babban allo 500 − 175. Wannan shi ne cinikin jiya, ba ƙari ba ragi, amma yarinyar ba ta gane shi ba, babu kuma wanda ya gaya mata. Ta ga sifiri biyu a sama, an ce ta ɗebe biyar daga cikin babu. Sai ta juya abin, ta ɗebe ƙarami daga babba a kowane layi, ta rubuta 475. Aka sa mata jan biro.

A nan akwai wani abu da littattafanmu na lissafi suka daɗe suna tsallakewa, alhali kuwa kowane ɗan Nijar yana fama da shi kullum. Mu ba da tamma muke ƙirga kuɗi ba, da dala ne, dala ɗaya kuwa tamma 5 ce ta sefa. Kwabon da aka buga wa 100, yaro ya san shi da sunan dala ashirin. Abin da yake kira ɗari, 500 ne rubuce a jikinsa. Takardar 1,000 ita ce jika, wato dala ɗari biyu. Ashe tun kafin yaro ya shiga lakwal, ido yana gaya masa lamba ɗaya, kunne yana gaya masa wata. Idan malami bai warware masa wannan ƙulli ba, duk wani aikin lissafi mai maganar kuɗi tarko ne gare shi. Idan kuwa ya warware masa, to ya samu kyauta wadda yaron birnin Paris ba shi da ita: yaron Gure ya riga ya haddace ninkin biyar tun daga kasuwa, sai dai bai san sunansa ke nan ba.

Wannan rata tsakanin lissafin kasuwa da na allo ba mu kaɗai ke da ita ba. A shekarar 1985 wasu masana a birnin Recife na ƙasar Brazil sun gwada yara masu talla a titi. A bakin ciniki kusan duk amsoshinsu daidai ne, amma da aka rubuta musu lambobin nan bisa takarda irin ta makaranta, abin da suka ci bai kai kashi 40 cikin 100 ba. A shekarar 2025 kuma mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani bincike na Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu, a kan yara sama da 1,400 masu aiki a kasuwannin Kolkata da Delhi na ƙasar Indiya. Sakamakon ya yi kama da na Brazil, amma ya zo da gargaɗi: ƴan makarantar da suka iya lissafin takarda su ma sun sha kashi da aka kawo musu na ciniki. Saboda haka kada mu ruɗi kanmu da yabon kasuwa. Ilimin kasuwa ba ya tsallakawa zuwa allo da ƙafarsa, na allo ma ba ya zuwa kasuwa. Sai an gina gada, ginin gadar nan kuwa shi ne aikin malamin CI da CP.

Sai kuma maganar harshe, wadda mu masu aikin fassara muke tuntuɓe da ita kowace rana. Yaro ɗan shekara shida ko bakwai ya shiga lakwal bai taɓa jin Faransanci ba. A lokaci guda ana son ya koyi sabon harshe, ya koyi riƙe alli, ya koyi siffar lambobi, ya kuma fahimci abin da lambar ke nufi. Bugu da ƙari, ƙirgan Faransanci ba mai sauƙi ba ne. Bahaushe ya ce goma sha ɗaya, goma sha biyu, kunne yana jin goman, yana jin abin da ya hau kanta. Bafaranshe ya ce onze, douze, babu goma a ciki ko kaɗan, sai hadda. Da an wuce sittin kuma sai hanya ta karkace: saba'in ita ce sittin da goma, tamanin ashirin huɗu, casa'in da bakwai kuwa quatre-vingt-dix-sept. Yaro mai biyayya ya rubuta abin da ya ji, huɗu, ashirin, sha bakwai, ya fito da 42017. An ce cent cinq, ya rubuta ɗari, ya liƙa mata biyar, ya zama 1005. Wannan ba wauta ba ce. Hankali ne ya yi aiki bisa abin da aka ba shi. Mutanen Beljiyam da na Suwizalan, su da Faransanci harshen uwa ne ga da yawansu, sun kauce wa wannan wahala, suna cewa septante da nonante.

Mu kuwa harsunanmu suna da abin da ake nema. A Barbarci biyu ita ce indi, ashirin kuma findi, yaro yana jin biyun a cikin ashirin. A Hausa gaskiya ne ashirin da talatin da arba'in aro ne daga Larabci, ba sa nuna gomomin da ke cikinsu, amma muna da tsohon ƙirga wanda har yanzu yana bakin dattawa a wasu sassan ƙasarmu: gomiya biyu, gomiya uku, gomiya tara da bakwai. Wanda ya ce gomiya tara da bakwai ya riga ya rubuta 97 da bakinsa. Muna da “ashirin ba ɗaya” da “talatin ba biyu”, inda ɗebewa ke zaune a cikin sunan lambar kanta. Abin takaici ne a ce muna da irin wannan kaya a rumbu, yaranmu suna kwana da yunwa.

Kuma ba yau aka gano haka ba. A nan jihar Damagaram ne, a shekarar 1973, aka buɗe makarantar gwaji ta farko a ƙasarmu mai koyarwa da Hausa tare da Faransanci, daga baya aka faɗaɗa gwajin zuwa Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta amince da koyarwa da harsunan gida. A awon PASEC na 2014 ƙasar Burundi, inda yara ke fara karatu da harshensu na Kirundi, ita ce ta zo gaba a lissafin ƙananan azuzuwa. A shekarar 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Hujja akwai, doka akwai. Abin da ya rage shi ne abin ya sauko daga takarda ya shiga aji.

Sai dai a nan wajibi ne mu faɗi wata gaskiya, ko da a shafin Hausa muke rubutu. A ƙauyukan Kelle da Bune da sauran sassan Gure akwai yara masu yawa waɗanda Barbarci ko Fulatanci ko Tubanci suke ji a gida, Hausarsu ta ranar kasuwa ce, wasu ma ba su da ita. Idan muka cire musu katangar Faransanci muka gina musu ta Hausa, mun rage tsawon katanga ne kawai. Ɗaya, biyu, uku na farko ya kamata yaro ya yi su da harshen da uwarsa ta ƙirga masa yatsu da shi. Daga nan a kai shi Hausa, a kai shi Faransanci, hawa-hawa. Wannan yana nufin masu tura malamai su riƙa duba harshen da malami ke ji kafin su aika shi ƙauye, inda hakan bai samu ba kuma a nemi wani babban ɗalibi ko dattijo ya riƙa taimaka masa a watannin farko.

Mun san abin da wasu iyaye ke cewa: “Mun kai yaro lakwal don ya koyi Faransanci ya samu aiki, Hausa da Barbarci ai yana da su a gida.” Wannan tsoro ba na banza ba ne, domin jarrabawa da aikin gwamnati sun daɗe suna magana da harshe guda. Amma a lura, lissafi ba harshe ba ne. Yaron da ya fahimci cewa 52 ɗauri biyar ne na goma-goma da guda biyu, sauya wa wannan fahimta suna zuwa cinquante-deux aikin kwana kaɗan ne. Wanda kuwa ya haddace cinquante-deux bai san abin da ke cikinta ba, ba shi da komai da zai fassara zuwa kowane harshe.

To, mene ne wannan tushe da muke ta ambata? Ba abu ne mai yawa ba. Yaro ya san cewa kalmar ƙarshe da ya faɗa wajen ƙirga ita ce yawan abin, kuma ko an baza ƙwallayen ko an tara su, bakwai tana nan bakwai. Ya iya duban abu uku ko huɗu ya faɗi yawansu ba tare da ya taɓa su ɗaya-ɗaya ba. Ya san tara ta fi bakwai, kuma da biyu ta fi ta. Ya san duk hanyoyin da goma ke tsagewa, shida da huɗu, bakwai da uku, takwas da biyu, kamar yadda ya san sunayen ƙannensa. Sa'an nan babban ginshiƙi, ya gane cewa wurin da lamba ta zauna shi ke ba ta daraja, biyar a gidan gomomi ba biyar ɗin gidan ɗaiɗai ba ce, sifiri kuma mai gadin gida ne wanda ba kowa a ciki. Yaron da ya tara 28 da 14 ya samu 312 wannan ginshiƙi ne ya rasa: ya tara takwas da huɗu ya rubuta 12, ya tara biyu da ɗaya ya rubuta 3. Ko sau ɗari aka maimaita masa je pose deux et je retiens un, waƙa ce a kunnensa. Amma a ba shi karan gero, ɗauri biyu da guda takwas, ɗauri ɗaya da guda huɗu, a bar shi ya ga ɗaiɗai sun kai sha biyu, ya ɗaure goma da hannunsa ya kai su wurin ƴan'uwansu. Ranar nan ya ga “riƙe ɗaya” da idonsa. A wajen ɗebewa kuma ya kwance ɗauri, ya ga abin da ake kira aro.

Kayan wannan aiki ba sai an yi odarsu daga waje ba. Karan gero, ƙwallon dabino, tsakuwa, murfin kwalba, kaba ta ɗauri, duk suna zube a Gure. Rairayin tsakar lakwal allo ne wanda ba ya ƙarewa. Wasan dara da dattawa ke yi gindin itace, kowa da ƴaƴansa goma sha biyu, darasi ne na jeri da layi da hangen gaba. Yatsu ma kayan aiki ne. Malamin da ke bugun hannun yaro don ya gan shi yana ƙirga da yatsa ƙarƙashin tebur, sandar makaho yake ƙwacewa kafin ido ya buɗe. Yaro zai bar yatsu da kansa ran da goma ta zauna masa a ka. Bulala kuwa tsoro kawai take koyarwa, mai tsoro kuma ba ya iya riƙe lamba biyu a ransa lokaci guda.

Wani malami zai ce: “Yarana saba'in ne cikin ajin zana, ba mu fara karatu sosai ba sai bayan girbi da aka samu karan yin rumfa, ga tsarin karatu ana so in gama kafin damina. Yaushe zan zauna ina ɗaurin kara?” Ba mu raina wannan kuka ba. Amma muna tambaya, gama tsarin karatu don wa? Idan malami ya kai shafin ƙarshe da yara biyar, sittin da biyar suna shafin farko, littafi ne ya gama, ba aji ba. Masu duba malamai su ne ke da mabuɗin wannan ƙofa. Muddin abin da suke dubawa shi ne darasi na nawa aka kai, malami zai yi ta gudu. Ran da suka fara kiran yaro daga bencin baya su ba shi ƙwallaye su ce ya nuna musu 34, ran nan koyarwa za ta sauya.

Yaron da ya riga ya kai CE2 ko CM1 babu tushe kuwa, babu wata dabara sai a koma da shi inda ya tsaya, ba tare da kunyatarwa ba. A Indiya ƙungiyar Pratham ta yi suna da wannan hanya, ta rarraba yara bisa abin da suka iya maimakon bisa ajinsu, a ɗan lokaci kowace rana. A nan gida ma, shirin “Makaranta don kowa” da ƙasar Japan ta tallafa, wanda ya soma a jihar Tawa a 2004 da kafa kwamitocin kula da makarantu, daga baya ya kawo littattafan atisayen lissafi da yara ke yi bayan tashi daga aji, kowa daga matakinsa, mutanen gari suna sa ido. Irin wannan aiki ba ya bukatar sabon gini. Yana bukatar awa ɗaya, da inuwa, da mutum mai haƙuri.

Bayan an yi duk wannan ne za a ga yaran da matsalarsu ta daban ce. Akwai su. Masana suna kiran abin da ke damunsu diskalkuliya, wato wata nakasa ta fahimtar adadi wadda ake tasowa da ita, ko da yaro yana da hazaƙa a magana da karatu. Wani masani ɗan ƙasar Cekoslobakiya ta da, Ladislav Kosc, ya bayyana ta a 1974, ana kuma ƙiyasta tana samun yara 3 zuwa 7 cikin 100. Alamarta ita ce, ko da harshensa aka tambaye shi, ko da ƙwallaye a gabansa, ko a kasuwa, adadi ba ya zama masa. An nuna masa tsakuwa uku sai ya ƙirga su. An ce ya ƙara biyu a kan shida sai ya koma daga ɗaya. Abin da ya iya jiya ya ɓace yau. Wannan yaro ba malalaci ba ne, ba kuma aljanu suka shafe shi ba. Yana bukatar tafiya a hankali, maimaici mai yawa, da kayan taɓawa na tsawon lokaci fiye da sauran. Kafin a yanke masa wannan hukunci kuma a duba ko yana gani da kyau, ko yana ji, ko ya karya kumallo, ko watanni nawa ya yi yana bin dabbobi. A halin da muke ciki yanzu, waɗannan ƴan kaɗan sun ɓace cikin taron masu yawa da rashin tushe ya kayar, ba mai iya rarrabe su, balle ya taimake su.

Saboda haka muna kira ga makarantun horon malamai, musamman ta Askiya Muhammadu da ke Damagaram, wadda ɗalibanta da yawa ke zuwa aiki a wannan yanki: kada ɗalibi malami ya fita sai ya koyar da tsaga goma da ɗaurin gomomi da harshen gida a gaban yara na gaske, sai ya iya duban amsar da ba daidai ba ya faɗi tunanin da ya haife ta. Ga shugabannin lakwal kuma, makonni biyu na farkon komawa karatu su zama na gwada kowane yaro shi kaɗai, minti biyar, da harshensa, da ƙwallaye ashirin, kafin a buɗe littafi.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyanmu mu masu fassara. Har yanzu bakin malamai bai zama ɗaya ba a kan kalmomin lissafi: wani ya ce tarawa wani ya ce haɗawa, wani ɗebewa wani ragewa, wani ajiya wani riƙo. Ba daga ofis a Yamai ya kamata a yanke wannan ba. Muna roƙon malaman Gure da Kelle da Bune da Gidigir da Gamu da Alakos su rubuto wa wannan shafi kalmomin da suka ga yara sun fi saurin kamawa, na Hausa da na Barbarci da na Fulatanci da na Tubanci, tare da irin kurakuran da suka fi gani bisa allunan yara, a rubuce yadda yaran suka rubuta su.